Addu'ar Mai In'ina

Duk wanda ya taɓa zama a bencin cocin nan, a kan aikin Kafinta ya zauna. Shi ya ƙera su, guda arba'in da biyu, shi ya yi mumbari, shi ya sa ƙyauren ƙofa. Mutum ne dogo mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne, ko ranar Lahadi sai matarsa ta zare masa shi a bakin ƙofar coci. Abin da Allah bai ba shi ba shi ne sakakken harshe. In'ina gare shi tun yana ƙarami, irin wadda in kalma ta maƙale sai ya runtse ido, ya buga ƙafa a ƙasa, kafin ta fito.

Matarsa tela ce, ana ce mata Rediyo, kuma ba ta jin haushin sunan. Ita da kanta takan ce, "Ranar da ake rabon magana maigidana ya aike ni in karɓo masa nasa. Ni kuwa na haɗa da nawa na riƙe."

Shekara goma sha takwas da suka wuce, wani baƙon mai wa'azi da bai san shi ba ya nuna shi da yatsa a ƙarshen sujada, ya ce ɗan'uwan nan ya rufe mana da addu'a. Kafinta ya miƙe. Ya buɗe baki, kalmar farko ta tsaya masa a wuya kamar ƙaya. Ya ja, ya ja, ta ƙi. Sai wani a baya ya yi ƙyat da dariya, wata ta kama, kafin ka ce me benci biyu suna girgiza. Fasto ne ya yi maza ya ɗauki addu'ar ya ƙarasa. Daga ranar Kafinta bai sake buɗe baki a gaban jama'a ba. Ko a gida, in za a ci abinci, matarsa ke yin godiya. In benci ya yi ƙara yakan zo da guduma ranar Asabar ya gyara, yana ganin iyakar rabonsa ke nan a gidan Allah.

Shi kuwa Fasto, Allah ya yi masa baiwar addu'a. Shekara ashirin da shida yana tare da su. In ya durƙusa ya fara, sai ka ji kamar da wani yake magana wanda ke zaune kusa da shi. Ba ya ihu, ba ya kumfar baki, amma ko jinjiri sai ya yi shiru. Sannu a hankali ikilisiya ta sakar masa wannan aiki gaba ɗaya. Mai ciwo, a kira Fasto. Mai shirin tafiya, a kira Fasto. A taron addu'a na safiyar Laraba ma shi ke yi daga farko har ƙarshe, jama'a nasu Amin ne kawai.

Wata Talata da hantsi yana ba shukokin gaban coci ruwa, sai bokiti ya suɓuce masa, ya bi shi ƙasa. Hawan jini ne, in ji likita. Ya yi mako uku a asibiti, ya dawo gida a keken guragu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Yana ji, yana ganewa, amma magana ta tafi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dattawan ikilisiya biyu ne manya: Hedimasta, wanda ya yi ritaya amma har yanzu yana wa mutane magana kamar 'yan aji uku, da Mai Kemis, wanda ke ganin tun da shi ya fi kowa hidima, shi ya fi cancanta a saurara masa. Dama can ba sa ga maciji, Fasto ne ke tsaye a tsakaninsu. Da ya kwanta, kowa ya ce shi zai riƙe mumbari kafin a turo wani. Aka shiga taro. A yi taro a kan wanda zai yi wa'azi, a yi taro a kan abin da aka faɗa a taron baya. Addu'ar buɗewa ba ta wuce numfashi biyu, gardama kuwa awa uku. Taron Laraba aka ɗage shi sau ɗaya, sau biyu, daga nan ba wanda ya sake tambaya. Masu bin Hedimasta suka koma zama a dama, masu bin Mai Kemis a hagu, waɗanda ba sa son rigima suka fara zama a gida. Ranar Lahadi Kafinta yakan ƙirga bencinsa da ba kowa a kai, abin yana ci masa rai, amma me zai ce, kuma da wane baki?

Wata biyu da faɗuwar Fasto, matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ta aika a kira Kafinta. Tana so a kafa katako a jikin bango, daga bakin gado zuwa ƙofar banɗaki, don Baba, wato Fasto, ya riƙa dafawa in ana koya masa tsayuwa. Kafinta ya zo da sassafe kafin ya buɗe shago, da tef da zarto da ƙusoshi a jaka. Ɗakin yana warin man zafi. Fasto yana zaune a keke kusa da taga, ya rame, an ɗora masa tawul a kafaɗa saboda yawu. Kafinta ya durƙusa ya gaishe shi, ya kasa haɗa ido da shi, ya juya ya kama awo.

Yana cikin sa alama a bango sai ya ji bugu: ƙwas, ƙwas. Fasto ne ke dukan hannun keke da hannunsa na hagu, yana nuna durowar tebur.

Mama ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Littafinsa yake so. Kullum da safe haka muke fama."

Ta jawo durowar ta ɗauko wani tsohon littafin rubutu mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba. Ta ce sunayen 'yan ikilisiya ne a ciki, kowa da abin da ke damunsa. Shekara da shekaru, kafin ya sa komai a baki, sai ya bi shafi biyu yana roƙo a kan kowane suna. Yanzu idonsa ba ya tsayawa a kan rubutu, ita kuma yanar ido ta rufe mata ɗaya, ga rubutun Baba kamar kaza ta yi tono.

"Na gwada, ɗana. In na karanta ba daidai ba sai ya yi ta huci. Ko za ka taimaka ka karanta masa? Kai da kake karanta ƙananan lambobin tef."

Kafinta ya ja da baya. "Ma-Mama, ni? Ki-kin san ba-bakina."

"Na sani. Shi ma ga nasa bakin."

Ya yi niyyar ya ce zai turo matarsa. Amma Fasto ya miƙo hannun hagu ya kama masa wuyan hannu, riƙo mai ƙarfi kamar na mai shirin nutsewa. Kafinta ya ajiye tef, ya zauna a bakin gado, ya buɗe inda aka sa tsinke.

Sunan farko ya ɗauke shi lokaci. Ya runtse ido, ya buga ƙafa, sunan ya fito a gutsure. A gabansa an rubuta: ciwon ƙafa, da ɗanta da ya daina gaishe ta. Ya karanta, ya tsaya, yana jiran ya wuce na gaba. Fasto ya matsa masa hannu, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido. Nan Kafinta ya gane ba karatu kaɗai ake so ba.

"Ya U-u-ubangiji," ya ce, "ka-ka ga ƙafarta. Ka ga ɗa-ɗanta. Ka ta-taimaka."

Iyakar abin da ya iya ke nan. Ya jira dariya, don jikinsa ya saba jiranta. Ba abin da ya ji sai agogon bango. Sai wani sauti ya fito daga maƙogwaron Fasto, mai kauri, ba shi da kan gado, amma duk wanda ya yi shekaru a coci ya san Amin ce.

Shafi biyun nan, da Fasto kan gama a minti goma sha biyar, sai da suka ci awa guda da 'yan kai. A ƙasan shafi na biyu Kafinta ya ci karo da sunansa. Tawadar ta kusa gogewa saboda yawan taɓawa. An sa kwanan wata a gefe, ya duba da kyau, Lahadin nan ce ta baƙon mai wa'azi. A gaban sunan an rubuta: Ka sanar da shi cewa kai ba ka gajiya da jira.

Ya daɗe yana kallon layin. Bai karanta shi a fili ba. Ya rufe littafin, ya mayar da robar, ya tashi ya kafa katakon nan, kuma ranar ce kaɗai a rayuwarsa ya buge yatsansa da guduma sau biyu a aiki ɗaya.

Washegari ya dawo, wai zai duba ko ƙusoshi sun kama. Jibi ya dawo ba tare da wani dalili ba. A kwana na biyar matarsa ta tare shi a tsakar gida, ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, katako ɗaya ne kake kafawa kwana biyar? Ko jirgin ruwa kake ƙera wa Fasto?"

Ya yi ƙoƙarin yi mata bayani, ta ga zai ɓata mata lokaci, ta ɗauki mayafi ta bi shi. Ta zauna a kujera kusa da Mama, ta ji mijinta, wanda shekara ashirin da uku da aurensu ba ta taɓa jin addu'arsa a fili ba, yana jan sunaye ɗaya bayan ɗaya yana kai su gaban Allah. Da ya gaji ya miƙa mata littafin. Rediyo ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Sai hawaye. Mama ta dafa ta ta ce, "Yau kuma an ɗauke wuta ke nan?" Suka yi dariya su duka, har Fasto, da rabin fuskarsa mai motsi.

Rediyo ce ta lura da sunan Mai Wanki, wata mata mai shiru da ke zama a benci na ƙarshe. A gaban sunan an rubuta: mijinta, ƙirji, tari ba ya jin magani.

"Af! Ni fa na kwana biyu ban ga matar nan ba," in ji ta. "Baban yara, mun yi wa mutum addu'a ba mu san ko yana raye ba?"

Da suka fito ba su nufi shagunansu ba. Gidan Mai Wanki ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani lungu, igiyoyin shanya sun cika ƙofar da kayan mutane. Suka sunkuya suka shiga. Mijin yana kwance a katifa, ƙashi da fata, numfashinsa yana fita da ƙara. Mai Wanki ta ba su tabarma, ba ta ɗaga ido ba.

"Tun da Fasto ya kwanta ba wanda ya taka ƙofar nan," ta ce. "Na ce ko shi kaɗai ne ya san muna duniya."

Rediyo ta naɗe hannun riga ta kama wankin da ya taru a baho. Kafinta ya durƙusa a gefen katifa. Mai ciwon ya buɗe ido ya ce da ƙyar, "Ɗan'uwa, yi mini addu'a. Ina jin tsoro." Kafinta ya riƙe hannunsa ya yi, da in'inarsa da komai, ya roƙi sauƙi, ya roƙi a cire masa tsoro. Suka dawo washegari da mata uku daga cikin mawaƙa, suka yi masa waƙa a hankali. Ya cika bayan kwana huɗu, da rana tsaka, hannunsa a cikin na matarsa, ɗakin cike da 'yan'uwa.

Abin ya taɓa Kafinta ƙwarai. Ya je wa Fasto da safe ya zauna, bai buɗe littafin ba. "Ba-Baba, na roƙa, bai ta-tashi ba. Ko don ba-bakina ne?" Fasto ya girgiza kai da ƙarfi har tawul ya faɗi. Mama ta ce, "Ɗana, Baba ya binne mutane da yawa da ya yi wa addu'a da lafiyayyen baki. Ba mu ke yanke hukunci ba. Mai Wanki ta ce mini tun ranar da kuka je mijinta ya daina firgita. Wannan ba amsa ba ce?" Ya ɗauki littafin ya cire robar.

Bayan jana'iza Mai Wanki ta fara zuwa da safe. Matan mawaƙa suka biyo ta. Wani direba ya riƙa tsayawa kafin ya fita aiki. Ɗakin ya yi kaɗan, aka koma falo. Ba mai shugabanci: littafin ne ke zagayawa hannu zuwa hannu, kowa ya karanta suna ɗaya ya yi roƙo yadda ya iya, wani dogo, wani kalma biyar. Kuma suka ɗauki ɗabi'a, duk sunan da aka karanta aka ga mai shi ya ɓace, sai wani ya ce, ni zan bi ta gidansa yau.

Labari ya kai kunnen dattawa, kowa da irin yadda aka kai masa. Aka ce wa Hedimasta mutanen Mai Kemis suna taron ɓoye a gidan Fasto. Aka ce wa Mai Kemis mutanen Hedimasta ne. Allah da ikonsa, safiya ɗaya suka zo, suka yi karo a bakin ƙofa, kowa ya ɗaure fuska. Wuri ya rage a benci ɗaya tak, wanda Kafinta ya kawo daga shago, dole suka zauna kafaɗa da kafaɗa.

Hedimasta ya gyara murya ya ce, "Wa ya ba da izinin wannan taro?"

Rediyo ta ce, "Baba, ga mai izinin nan a keke. Sai dai ka tambaye shi."

Fasto ya miƙa hannu aka ba shi littafin. Ya yi ta fama da shafuka da yatsun hagu, har ya kai inda yake so, ya tura wa Kafinta. Sunayen dattawan biyu ne a layi ɗaya, an haɗa su da zane. Kafinta ya dubi rubutun, ya dubi mutanen, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ya karanta. A gaban sunan Hedimasta: kaɗaici tun rasuwar matarsa, ba ya cin abinci sosai. A gaban na Mai Kemis: 'yarsa da ke ciwon farfaɗiya, yana ɓoyewa. A ƙasa: ka sa su san nauyin juna.

Mai Kemis ya sunkuyar da kai. Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ban sani ba," ya ce a hankali. "Yarinyar nan ni na koyar da ita. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa zan faɗa wa? Kai?"

Fasto ya buga hannun keke, ya nuna Hedimasta, ya nuna Mai Kemis, ya sunkuyar da kai. Hedimasta, mutumin da ba ya rasa ta cewa, ya fara addu'a domin yarinyar da manyan kalmomi irin nasa, a tsakiya murya ta karye masa, ya ƙarasa da ƙanana. Mai Kemis ya yi tasa a gajarce, ya roƙi Allah ya ba dattijo abokin hira da sha'awar abinci.

Ba a ce daga ranar sun zama hanta da jini ba. Sun ci gaba da gardama a kan fenti, da a kan tsawon wa'azi. Amma Larabar da ta biyo baya su biyun ne suka ɗaga keken Fasto suka haura da shi matakalar coci, ɗaya yana cewa ɗaga naka gefen, ɗaya yana cewa kai ne ka karkace. Aka mayar da taron addu'a wurinsa na da. Suka yarda su riƙa karɓa-karɓar wa'azi, kuma Rediyo ta ba da labari, ba sau ɗaya ba, cewa ta ga kwanon abinci yana fita daga gidan Mai Kemis zuwa na Hedimasta.

Fasto bai sake magana ba. Ya dai koyi tsayuwa, yana dafa katakon nan har banɗaki. Bayan wata bakwai babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta zo ta tafi da shi da Mama wurinta, inda za a fi kula da shi. Ranar tafiya ya bar wa Kafinta littafin. Da yake littafin ya tsufa, Hedimasta ya kwafe shi da kyakkyawan rubutu a sabo, aka ƙara sunan Fasto da na Mama, waɗanda babu su a tsohon.

Sabon faston da aka turo saurayi ne, bai daɗe da gama makaranta ba. Ya iso da akwatuna biyu da matarsa mai tsohon ciki. Safiyar Laraba ta farko ya shigo coci da takardar da ya shirya, yana zaton zai tarar da tsofaffi uku ko huɗu. Ya tarar da mutum sama da talatin sun jawo benci sun yi da'ira, Mai Wanki tana tsakiyar roƙo domin ɗan direba da ke neman aiki. Ya tsaya a baya har aka gama, takardar a hannunsa.

Da mutane suka fara watsewa, Kafinta ya matso da littafin, ya zaro fensir daga bayan kunne.

"Fa-Fasto, sannu da zuwa. Me za mu ru-rubuta maka?"

"Ni?" Saurayin ya yi murmushi irin na wanda aka kama ba shiri. "Ai ni ne zan riƙa yi muku."

"Za ka yi. Mu-mu ma za mu yi."

Fasto ya dubi ƙofa, inda matarsa ke tsaye, Rediyo ta riga ta kama ta da hira tana auna mata kafaɗa da ido. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya zauna a bakin benci ya rage murya.

"Wannan ne ciki na uku," ya ce. "Biyun farko ba su zo da rai ba. Ban faɗa wa kowa a nan ba."

Kafinta ya zauna kusa da shi, ya buɗe sabon shafi, ya tambaye shi yadda ake rubuta sunan matar.